Yadda Kifin Turawa Ya Hau Duwatsun Afirka

A tsakiyar ƙasar Kenya, arewa da Nairobi, akwai jerin duwatsun da Kikuyu ke kira Nyandarua, Turawa kuma suka laƙaba musu Aberdare. Ƙololuwarsu ta kai kusan mita 4,000. Suna dab da layin ikwaita, amma raɓa kan daskare a kan ciyawa da asuba, hazo kuma kan wuni bai ɗaga ba. Daga can saman ne kogin Gura ke tasowa, ya ratsa fadamu masu sanyi, ya faɗo ta kan duwatsu, ya shige dajin gora. Ruwansa garau yake, ana hango tsakuwar ƙasa, in kuwa ka tsoma hannu ba ka jimawa za ka zare. A cikin wannan ruwa akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigon baƙi da ja a jiki, sunansa tirawut. Ba mai ciyar da shi, ba mai ƙyanƙyashe masa ƙwai. Shi ya sa masu fatsa ke ce masa kifin daji, har wasu su biya kuɗin jirgi daga Turai da Amurka don kawai su tsaya cikin ruwan nan har gwiwa, suna jefa masa ƙudan ƙarya.

Kafin shekarar 1905 kuwa, ko ɗaya babu irinsa a kogin Gura. Hasali ma, duk rabin duniyar da ke kudu da ikwaita ba inda Allah ya halicci tirawut a cikinsa. Gidansa na asali Turai ne da yammacin Asiya, ɗan uwansa mai jan zane a gefe kuma na gaɓar yammacin Amurka ne da gabashin Rasha. A nahiyar Afirka, duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya kaɗai ne ke da nasu na gado. Duk wanda ake kamawa yau a Kenya ko Lesotho ko Afirka ta Kudu ko New Zealand, jikan ƙwai ne da aka ɗauko a cikin akwati.

Sai an san irin son da Turawan Ingila ke wa wannan fatsa kafin a gane abin da ya sa suka sha wahalar dakon ƙwan kifi zuwa bangon duniya. Tirawut maciyin ƙwari ne. Akwai ƙananan ƙwari da ke girma a ƙarƙashin duwatsun kogi, in lokacinsu ya yi sai su taso saman ruwa su fitar da fiffike gaba ɗaya, kamar yadda shinge ke ɓarkewa bayan ruwan farko. A lokacin kifi kan tsaya a gefen igiyar ruwa, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, yana tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Mai fatsa ba ya maƙala tana ko wani abinci a ƙugiya. Yakan ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikinta har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci a ranar. Tun da abin ba shi da nauyin da za a jefa shi, nauyin sai ya koma jikin igiyar: mutum ya yi ta kaɗa doguwar sanda gaba da baya, igiyar na warwarewa cikin iska, har ta kai ƙudan ta ajiye shi a hankali gaban kifin. In inuwarka ta faɗa kan ruwa, ko igiyar ta ja ƙudan ya yi tafiyar da ƙwaron gaske ba ya yi, shi ke nan, kifin ya shige ƙarƙashin dutse.

Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke kama kifi mai ɗigo-ɗigo a kogin Astraeus, ta hanyar naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashi biyu na ƙarƙashin wuyan zakara. A 1496 aka buga wani ɗan littafi a Ingila, wanda ake dangantawa da wata mata Juliana Berners, ya lissafa ƙudaje 12 da watan da ya dace da kowanne. Igiyar wancan zamani da izgar doki ake tufka ta. Izaak Walton ya fitar da shahararren littafinsa kan fatsa a 1653, abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa kashi na biyu a 1676, yana bayanin fatsar ƙuda a kogin Dove. Zuwa ƙarni na 19 abin ya zama alamar girma. Kogunan kudancin Ingila irin su Test da Itchen duk mallakar masu ƙasa ne, talaka in an kama shi da kifinsu ɓarawo ne a gaban alƙali. Saboda haka Baturen da ya yi ƙaura zuwa ƙasashen da Birtaniya ta mamaye, in ya tsaya bakin wani kogi mai sanyi ya ga ba tirawut a ciki, abu biyu ke motsa masa: kewar gida, da kwaɗayin samun abin da a gida sai masu sarauta.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tirawut ba ya jure zafi. Yana buƙatar ruwa mai sanyi mai gudu, cike da iskar oksijin, kuma da zarar zafin ruwa ya haura digiri 25 sai ya fara mutuwa. Tafiya daga Landan zuwa Ostareliya a jirgin ruwa mai filafilai kan ɗauki wata uku, dole a ratsa zafin ikwaita a zagaye kudancin Afirka, domin sai a 1869 aka buɗe mashigin Suez. Injin sanyaya kaya a jirgi kuwa ba a kai gare shi ba tukuna. Kifi mai rai ba zai kai ba. Sai aka koma ga ƙwai.

A 1852 aka yi gwajin farko a jirgin Columbus: aka zuba ƙwan a kan tsakuwa cikin babban baho ana canza masa ruwa. Ya ƙyanƙyashe da wuri saboda zafi, duk ya mutu. A 1860 aka sake a jirgin S. Curling, wannan karon da ƙanƙara don sanyaya ruwan, ƙanƙarar ta narke a hanya. A 1862 jirgin Beautiful Star ma haka ya ƙare. Sai dai a wannan tafiya ta uku an lura da wani abu. An cusa wani ɗan akwati a cikin rumbun ƙanƙarar, da ƙwai a lulluɓe cikin jiƙaƙƙiyar gansakuka, ba tare da ruwa mai gudu ba. Bayan sauran sun mutu, aka buɗe shi aka tarar akwai masu rai.

Mutumin da ya riƙe wannan darasi shi ne James Youl, makiyayin tumaki da ya tashi a tsibirin Tasmaniya, ya yi arziki ya koma Landan da zama. Ba masanin kimiyya ba ne, kuma masana na lokacin da dama sun ce aikin banza yake yi. Ya nemi wuri a rumbunan kamfanin ƙanƙara na Wenham Lake da ke Landan, ya binne akwatunan ƙwai a ciki, yana buɗe su lokaci-lokaci yana dubawa. Abin da ya tabbatar shi ne, sanyi ba ya kashe ƙwan, jinkirta shi yake yi. Ƙwan da zai ƙyanƙyashe cikin 'yan makonni a ruwa mai ɗan ɗumi, in aka riƙe shi dab da daskarewa sai ya haura wata uku yana barci. Abin da yake buƙata kawai danshi da iska, kada kuma a jijjiga shi.

Ranar 21 ga Janairun 1864 jirgin Norfolk ya bar Landan. Masu shi, kamfanin Money Wigram, sun ba da wurin kyauta. A ƙasan jirgin aka gina ɗakin ƙanƙara, aka jera ƙananan akwatunan katako masu huji-huji: gawayi a ƙasa, sai dakakkiyar ƙanƙara, sai gansakuka, sai ƙwai, sai wata gansakukar a sama. Aka danne su da manyan ƙanƙara, aka rufe ɗakin, ba a sake buɗewa ba. Ruwan da ke narkewa a hankali shi ke ɗiga ta hujin yana jiƙa ƙwan. Abin da aka fita nema kifin salmon ne, wanda ke girma a teku ya dawo kogi ya yi ƙwai, kuma ƙwansa kimanin 100,000 aka loda. Ana dab da tashi sai wasu masoya fatsa biyu, Frank Buckland da Francis Francis, suka aiko da kyautar ƙwan tirawut kusan 3,000, wasu daga kogin Itchen. Aka samar musu gefe.

Jirgin ya isa Melbourne ranar 15 ga Afrilu. Aka sauya kayan zuwa jirgin tururi mai suna Victoria zuwa Hobart da ke Tasmaniya, daga nan aka ja su a kwale-kwale aka haura kogin Derwent. Ragowar tafiyar zuwa tafkunan da aka haƙa a bakin kogin Plenty a kafaɗa aka yi ta, an rataye akwatunan a jikin sanduna don kada su girgiza. William Ramsbottom, wanda ya rako kayan tun daga Ingila, shi ya zauna yana tsince matattun ƙwai daga masu rai. Na tirawut kimanin 300 ne suka tsira. Ranar 4 ga Mayu na farko ya ƙyanƙyashe.

Salmon ɗin da aka yi duk wannan ɗawainiya dominsa, da aka sake shi ya gangara teku, bai kafa zuriya ba. Ƙwan kyautar nan ne ya kama ƙasa. A 1866 tirawut ɗin Plenty suka yi nasu ƙwan, a 1867 aka aika da shi New Zealand, inda ya yi girman da ba a saba gani a Ingila ba. Tafkunan Plenty suna nan har yau, an kuma ba Youl lambar girma ta Sir a 1891. Ni dai ina ganin ya cancanci a yaba wa naci da lurarsa, ko me mutum zai ce game da abin da ya biyo baya. Da akwatin gansakuka da ƙanƙara ya warware matsalar da ta gagari masana shekara goma sha biyu.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1883 aka kai New Zealand ƙwan tirawut mai jan zane daga Kalifoniya. A 1890 wani manomi John Parker ya yi nasarar ƙyanƙyashe ƙwan da aka kawo masa daga Sikotilan a yankin Natal na Afirka ta Kudu, aka zuba 'ya'yan a kogunan Mooi da Bushmans da ke gangarowa daga duwatsun Drakensberg. A Kashmir, kashin farko na 1899 ya lalace a hanya, na 1900 ya isa lafiya.

Na Kenya ya zo ne ta hannun Ewart Grogan, mutumin da ya yi suna saboda ratsa Afirka daga kudu har Alƙahira tsakanin 1898 da 1900. A 1905 ya sa aka kawo ƙwai daga Birtaniya zuwa Mombasa, aka ɗora a jirgin ƙasan da aka kammala shimfiɗa layinsa a 1901, aka haura da shi tudu. Inda dogo ya ƙare, 'yan dako suka karɓa. Su suka hau Nyandarua da akwatunan a ka, cikin taɓo da sanyi da dajin da ke cike da giwaye da ɓauna, ga ƙanƙara na narkewa, har suka kai kogin Gura. Littattafan fatsa sun adana sunan Grogan, na 'yan dakon kuwa ba su damu da shi ba. Kuma ya kamata mai karatu ya san wane ne Grogan ɗin: shi ne wanda a 1907 ya yi wa wasu ma'aikatansa uku 'yan Kikuyu bulala a bainar jama'a a gaban kotun Nairobi, aka ɗaure shi wata guda.

Kifin ya samu wuri. Manyan magangarun ruwa sun daɗe da tare kifayen ƙasa daga hawa, saboda haka saman kogunan kusan ba kifi, ga ƙwari birjik. Daga Gura aka yi ta ɗiba ana zubawa a sauran kogunan Nyandarua da na Dutsen Kenya. A 1919 aka kafa ƙungiyar masu fatsar ƙuda ta Kenya, wadda ke nan har yau. Aka kafa dokoki, sai da lasisi, a wurare da yawa kuma sai da ƙuda kaɗai. A aikace wasan Turawa ne. Baƙar fata aikinsa gadin kogi, share hanya, riƙe jaka da nuna inda kifi ke kwance. Kikuyu dama a al'adance ba maciya kifi ba ne, abin da ya dame su shi ne ƙasar noman da aka ƙwace musu a gindin waɗannan duwatsu. Da tura ta kai bango aka ayyana dokar ta-ɓaci a 1952, dazuzzukan Nyandarua ne suka zama mafakar mayaƙan Mau Mau. A bakin kogunan da aka ƙawata don hutun ƙarshen mako suka kafa sansani, jiragen Birtaniya na yi musu ruwan bama-bamai. A gefen wannan daji aka harbi jagoransu Dedan Kimathi aka kama shi a Oktoban 1956, aka rataye shi a Fabrairun 1957.

Bayan 'yancin kai a 1963 Turawa da yawa suka tafi, kifin ya zauna. Wani abin da ba wanda ya yi tsammani kuma ya tsiro: Kenya ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙasashen da ke ɗaura ƙudan ƙarya a duniya. A Nairobi da Kericho da wasu garuruwa, maza da mata na zaune gaban 'yar maɗamfara, suna naɗa gashin zakara da zare a ƙugiyar da ba ta kai farce ba, ana lodawa zuwa shagunan Amurka da Turai. Akasarinsu ba su taɓa jefa ƙudan a kogi ba. Abinci ne dai, kuma aikin hannu ne mai kyau da injin bai iya ƙwacewa ba.

Ba kowane kogi ne aka tarar fanko kamar saman Gura ba. Tirawut mafarauci ne, in ya girma ƙananan kifaye yake haɗiya, waɗanda bai ci ba kuma ya cinye musu abinci. A New Zealand ƙananan kifayen gado sun janye daga koguna da yawa, wani nau'i da mutanen Maori ke kira upokororo kuma ya ɓace ƙurmus, rabon da a gan shi tun shekarun 1920. Sare dazuzzuka na da hannu, tirawut ma na cikin waɗanda ake zargi. Yau duka nau'ukan biyu, mai ɗigo da mai jan zane, suna cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna idan aka kai su inda ba nasu ba, wanda masana na ƙungiyar kare halittu ta duniya suka fitar. Wanda ya san abin da giwan ruwa ya yi wa ɗaruruwan ƙananan kifayen tafkin Victoria bayan an zuba shi a shekarun 1950, ba zai yi mamaki ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Lesotho. Ƙasa ce da ke zaune kacokan a kan duwatsu, inda ya fi ko'ina gangare a cikinta ya kai mita 1,400. An zuba tirawut a kogunanta zamanin mulkin Birtaniya, lokacin ana kiranta Basutoland, kuma yau masu fatsa na ɗaukar kogunan duwatsun Maloti a cikin mafiya kyau a Afirka. Wasu sai an yi tafiyar kwanaki a kan doki kafin a kai gare su. Amma akwai mai gida a ruwan: wani ɗan kifi da bai wuce tsawon tafin hannu ba, mai ja a gindin fukafukansa. A 1938 masani K. H. Barnard ya fara bayyana shi ga duniyar ilimi, daga samfurin da aka kamo a kogin Umkomazana na Natal, kogin da aka riga aka zuba wa tirawut. Ba a sake ganinsa a wannan kogin ba, har aka ɗauka ya ƙare. Sai a 1970 aka tsince shi a kogin Tsoelikane da ke Sehlabathebe a Lesotho. Da aka bi sauran koguna sai aka ga abu ɗaya na maimaita kansa: inda ya fi yawa shi ne saman magangarar ruwan da tirawut ya kasa haurawa. Tsayin dutse ne kawai tsakaninsa da ƙarewa.

A Afirka ta Kudu an shafe shekaru ana ja-in-ja, har gaban kotu, tsakanin hukumomin muhalli da ke son a sa tirawut a jerin baƙin halittu masu ɓarna, da masu fatsa da masu gonakin kifi da ke cewa garuruwa da dama da shi suke ci. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Kogin da tirawut ya shekara ɗari a ciki ba ya komawa yadda yake, kuma in baƙi za su biya kuɗi su kama su saki, mutanen ƙauyen su samu aikin jagora da hayar dawaki, ban ga dalilin hana su ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya ɗauki bokitin 'ya'yan kifi ya haura magangara don ya ƙara wa kansa wurin fatsa. Aikin awa ɗaya ne, kuma ba ya gyaruwa.

Ɗan kifin Maloti bai gama da baƙi ba. A 1996 aka kammala madatsar ruwa ta Katse a Lesotho, mai tsayin mita 185, don sayar wa yankin Johannesburg ruwa, sannan aka gina ta Mohale a kan kogin Senqunyane, aka haɗa su da ramin ƙarƙashin dutse mai tsawon kilomita 32. Kogunan da ke zuba a Mohale su ne ke riƙe da kaso mafi girma na wannan kifi, domin wata babbar magangara ta kare su tun fil azal. Ramin ya zagaye magangarar. Ta cikinsa wani kifi mai ruwan ɗorawa, ɗan asalin ƙasan kogin Senqu, wanda shi ma masu fatsar ƙuda ke so, ya shigo ya bazu. Masana sun hango haka, shi ya sa a farkon shekarun 2000 suka kwashi wasu daga cikin ƙananan kifayen suka kai su saman wasu koguna da magangaru suka kare. Da aka dawo bincike bayan shekara goma da 'yan kai, an tarar sun kusa ƙarewa a kogunan Mohale, amma waɗanda aka kwashe sun hayayyafa a wasu daga cikin sababbin wuraren.